An bar jaki ana dukan taiki: inda gasa take da inda babu ita a kasuwannin Gombe

Duk sanda abinci ya yi tsada, mai awo ne ke fara shan zagi. Shi ido ke gani, shi ke karɓar kuɗin hannu da hannu, don haka shi ake jinginawa rashin tausayi. Hukumomi ma can suke nufa. A watan Fabrairun 2024 an ga yadda aka riƙa garƙame rumbunan ajiya a kasuwar Dawanau ta Kano da sunan yaƙi da masu ɓoye abinci, kuma a majalisun Gombe ba a rasa mai cewa a shiga kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi a karya farashi da ƙarfin gwamnati. A ganina wannan kuskuren adireshi ne. Kasuwar hatsi na cikin wuraren da gasa ta fi zafi a jihar nan, ribar mai awo kuma na cikin mafi ƙanƙanta. Inda ake tatsar mutane da gaske shi ne inda mai saye ba shi da wurin juyawa, galibi kuwa irin waɗannan wuraren ba su da rumfa a tsakiyar kasuwa.

Yawan shaguna ba ya nuna akwai gasa. Abin da ke nunawa shi ne ko mai saye zai iya cewa bai saya ba ya matsa gaba, ko sabon mutum zai iya shigowa ya kafa nasa ba tare da an tare masa ƙofa ba, sannan ko kowa ya san farashin da ake yi da ainihin abin da ake auna masa. Da wannan ma'aunin ya kamata a bi kasuwanninmu ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauki mai awon masara. A ƙaddara ya sari buhu a kan naira 40,000. Ya biya ɗan dako, ya ba dillali la'ada, ya biya kuɗin rumfa da tikitin haraji, duka a ce naira 1,000. Buhu ya tsaya masa 41,000. In buhun na cin mudu 80, kowane mudu ya faɗo masa a kan naira 512 da ɗoriya. Ya kasa yana sayarwa 550. A lissafin takarda zai tashi da 44,000, amma mudu 80 ba sa taɓa fita cif: akwai ƙura da tsakuwa da za a sheƙe, akwai wanda ke zuba ƙasa, ga gyara da kowace mai saye sai ta nema. In mudu 2 suka tafi a haka, saura 78, kuɗinsu 42,900. Ribarsa 1,900 a buhu, ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, a ciki kuma zai sayi leda ya ci abincin rana. Ya ce zai mai da mudu 600? Maƙwabcinsa na nan taku uku daga gare shi da irin masarar, wataƙila ma daga mota ɗaya aka sauke musu. Wannan shi ne mafi kusa da abin da masana tattalin arziki ke kira cikakkiyar gasa: masu sayarwa barkatai, kaya iri ɗaya, shiga sana'ar ba ta buƙatar komai sai kuɗin buhu ɗaya da tabarma da mudu. Ba mai yanka farashi, kowa tarar da shi yake yi. Kayan gwari a Kwadon sun fi haka tsanani, domin tumatir ba ya jiran gobe. Wanda ya ƙi sallamawa da hantsi zai sallama da la'asar a ƙasa da tayin farko.

Tsadar da aka sha daga 2023 zuwa 2024 tana da dalilanta sanannu. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota daga Dukku ko Kumo zuwa Gombe ya tashi. Naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yuni na shekarar, taki da maganin ciyawa suka yi tsada, hatsinmu kuma ya zama mai araha ga mai riƙe da sefa daga Nijar ko Chadi ko Kamaru. Da gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a watan Yulin 2024, aka kuma samu amfanin gona, sai farashi ya yi ƙasa a 2025, masu ajiya da dama suka tafka asara. In da 'yan hatsi ne ke riƙe da linzamin farashi, ai da ba su bari ya faɗo musu a ka ba.

Ba ina cewa kasuwar hatsi tsarkakakkiya ba ce. Inda gasa ke lalacewa a cikinta shi ne awo. Da yake ba wanda zai iya ƙara kuɗi shi kaɗai, sai wasu su koma rage mudu: a bubbuga gindinsa ya shige ciki, ko a datse bakinsa kaɗan, ko a ajiye mudu biyu, babba na saye a hannun manomi da ƙarami na sayarwa. Mudun da ya rasa kashi ɗaya cikin goma, in an sayar da shi 550, ainihin kuɗinsa ya haura 610. Mai gaskiya da ya riƙe cikakken mudu zai zama kamar shi ne mai tsada, ko dai ya bi sahu ko ya tashi. Buhu ma haka: buhun da ake kira na kilo 100 na iya zama 90 ko 110 gwargwadon irin shaƙewa da ɗinkin baki. Don haka duk hukumar da ke son taimakon talaka a Tudun Hatsi ko Babbar Kasuwa, aikin da ke gabanta shi ne mudu mai hatimi da sikelin jama'a a bakin ƙofa, wanda kowa zai iya ɗora buhunsa ya ga nauyi. Wannan zai fi kwamitin karya farashi amfani nesa ba kusa ba, kuma ba zai ci kuɗin motar hawa ɗaya ta babban jami'i ba.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne na manomi, wanda shi mai sayarwa ne. Ana yawan maganar mai sayarwa ɗaya da ya yi babakere, ba a cika maganar mai saye ɗaya ba, alhali illarsu ɗaya ce. Tsarin ba-da-kaka shi ne misalin da kowa ya sani a ƙauyukanmu. Manomi ya karɓi, a ce, naira 20,000 a watan Yuni don ya sayi taki, da alkawarin buhu ɗaya in an yi girbi. In buhun ya kai 35,000 a kaka, ya biya ƙarin 15,000 a kan 20,000 cikin wata biyar, wato kashi 75 cikin 100. Ko motoci ɗari suka zo saye a kasuwar garinsu, wannan buhun ya riga ya fita daga gasa tun kafin a shuka shi. Abin da ya ɗaure manomin shi ne rashin mai ba da bashi na biyu. Banki ba ya zuwa ƙauyensu, in ya je ma takardun da zai nema babu su, tallafin takin gwamnati kuma kan iso bayan an gama buƙatarsa. Riɗi da waken suya ma suna da nasu salon: masu saye a ƙauye na da yawa a ido, amma da dama daga cikinsu kuɗin babban ɗan kasuwa ɗaya ko biyu suke juyawa, da farashin da aka yanka musu ta waya da safe. Manomi zai taya wa mutum biyar ya ji magana ɗaya, ya ɗauka kasuwa ce ta faɗi haka.

Dattawan da suka noma auduga sun san wannan a hukumance. Kafin 1986 hukumar ciniki ta gwamnati ce kaɗai ke sayen auduga, ita ke yanka farashi, manomi ba shi da ta cewa. Da aka rushe hukumomin a zamanin Babangida, masu saye suka yi yawa, amma aka bar tantance inganci ba mai kula da shi. Iri ya gauraye, masu zuba ruwa da yashi don ƙara nauyi suka samu fili. An fita daga hannun mai saye ɗaya an faɗa gasar da ba ta da alƙali.

Abin sha'awa shi ne fiƙihun ciniki da ake karantawa a zaurukanmu ya riga ya taɓo yawancin waɗannan. An hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, wanda shi ne abin da masu tsayawa a mararraba suna tare amalanken manoma ke yi. An hana mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba don ya ruɗi wani, wasan da ake zargin wasu dillalai da yi a tiken dabbobi. An hana ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi. Amma da aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba. Wato an tsananta a kan yaudara da toshe hanya, an bar farashi ya nemi matsayinsa. Mu kuwa mun juya abin. Kuma ya kamata a bambance mai ɓoyewa da mai ajiya. Wanda ya saya a kaka lokacin da hatsi ya yi yawa, ya sa magani, ya biya kuɗin sito, ya fito da shi a watan Yuli, shi ne ya sa ake samun abin saya da damina, kuma sayensa ne ke hana farashi rugujewa a kan manomi a watan Nuwamba. A kore shi gaba ɗaya, a kaka manomi ya yi kuka, da damina mai saye ya yi.

Akwai rukunin da ba sai an daɗe a kansa ba: tela, mai tsire, mai gidan abinci, makarantar kuɗi. Suna da yawa, amma kowa da hannunsa. Telan da ya iya wuyan kaftani zai ɗora wani abu a kan na sauran, mutane su biya da son ransu, in ya wuce gona da iri su sauya. Wannan gasa ce ta inganci da suna, ba ta buƙatar sa bakin kowa, sai a inda mai saye ba zai iya gane inganci da idonsa ba. Makarantar da ke tallar kanta da sakamakon jarrabawar da aka taya ɗalibai rubutawa, da mai shagon da ke karya farashi da jabun maganin feshi, suna cin kasuwa ne da abin da ya kamata ya rufe su.

Sai ƙungiyoyi. Nan ne ake samun masu sayarwa ɗari amma bakinsu ɗaya. A tashar mota ana lodi ne bisa layi, kuɗin mota ƙungiya ta yanka, direban da ya ɗauki fasinja a bakin hanya a ƙasa da haka ya sha tara. Tsarin na da amfaninsa, ban musa ba: ana sanin motar da mutum ya shiga, kayan da suka ɓata ana iya bin sawunsu, ba a kokawa a kan fasinja. Amma mai sabuwar mota da mai akwala kuɗinsu ɗaya, layinsu ɗaya, to me zai sa wani ya gyara tasa? Abin da ke sassauta wa matafiyi shi ne samuwar wata ƙofar, irin su Gombe Line da Yankari Express da tashoshin kamfanoni masu zaman kansu. Masu burodi da masu ruwan leda ma kan zauna su fitar da sanarwar ƙarin kuɗi rana ɗaya, wanda ya ƙi bi a hana motarsa rabon kaya. Mutane da yawa ba su san doka ta hana wannan ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta haramta haɗa baki a yanka farashi, kuma kamfanin da aka samu da laifi na iya biyan tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. A tsakiyar 2023, da ƙungiyar masu POS a Legas ta fitar da jadawalin kuɗin cirewa na bai ɗaya, hukumar kula da gasa da kare masu saye, FCCPC, ta umarce su su janye. Ƙungiya ta yi rajistar mambobi, ta sasanta rigima, ta yi magana da gwamnati a kan haraji, duk daidai ne. Ta yanka farashi ko ta hana baƙo buɗe shago, ta shiga hurumin da ba nata ba.

Yanzu a zo kan siminti, inda nake ganin ya fi cancantar a zuba ido. Muna da masana'antar Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye tun 1979, dutsen da ake ƙonawa a nan yake, gawayin da ake haƙowa a Maiganga ma a jihar nan yake. Duk da haka mai gini a Gombe ba ya ganin wata rahusa ta a zo a gani a kan wanda ke jihar da ba ta da masana'anta. Dalili shi ne kasuwar siminti a Najeriya kusan gaba ɗaya tana hannun kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge mai Ashaka. A irin wannan kasuwa ba sai an zauna an haɗa baki ba. Kowa na kallon babban cikinsu. In ya ƙara, sauran su bi, domin ba ribar komai a tsayawa ƙasa. In ƙarami ya rage, ya san babba zai iya ragewa fiye da shi ya daɗe a haka. Sabon shiga kuwa sai ya tanadi ɗaruruwan miliyoyin daloli da lasisin haƙar dutse da tashar wutarsa ta kansa. Ƙofar waje ma a rufe take tun manufar 2002 ta zamanin Obasanjo, wadda ta ɗaure izinin shigo da siminti da kafa masana'anta a gida. Manufar ta yi aikinta, ƙasar ta daina dogaro da simintin waje. Sai dai an ba da kariya ba tare da sa ranar ƙarewarta ba, mai saye kuma shi ke biya.

Abin da ya faru a watan Oktoban 2023 darasi ne. BUA ya sanar da mai da buhu naira 3,500 a bakin masana'anta, amma farashin bai iso ga mai gini ba. Kamfani ɗaya ba zai iya ciyar da ƙasar duka ba, sauran ba su bi shi ba, don haka dilan da ya samu mota mai buhu 600 a farashin rahusa ya sayar a farashin kasuwa ya soke bambancin a aljihu. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnati ta kira kamfanonin aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Farashin da ake sasantawa a ɗakin taro tsakanin minista da kamfanoni uku shaida ce da kanta cewa gasa ta yi ƙaranci.

Wayar salula ta nuna abin da ɗan gasa ɗaya mai yunwa kan iya yi. Lokacin da NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ke shi kaɗai, layukan ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. MTN da Econet suka fara aiki a 2001, suna cajin minti cikakke ko da sallama kawai aka yi aka kashe. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, cikin ɗan lokaci sauran suka bi, kuɗin layi kuma ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. A 2013 aka ba mutum damar sauya kamfani da lambarsa. Har yau manyan kamfanonin huɗu ne, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince musu da ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100, amma mai waya mai layi biyu na iya hukunta wanda ya ɓata masa rai a cikin minti ɗaya. A ƙauyen da sabis ɗin kamfani ɗaya kaɗai ke kamawa kuwa, wannan 'yancin sunansa kawai ake ji.

Wutar lantarki daban take. Kamfanin rarraba wuta na Jos shi ke da Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai tun da gwamnati ta sayar da kamfanonin wuta a 2013, kuma ba hankali ba ne a kafa turakun kamfani biyu a layi ɗaya. Inda babakere ya zama dole, abin da ke maye gurbin gasa shi ne mita da hukuma mai haƙora. Gidan da ba mita, mai sayarwa ne ke ƙiyasta abin da aka sha, ya kuma rubuta kuɗin. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, faranti mai amfani da hasken rana kuma ya fara ba masu hali hanyar ficewa, amma mai walda da mai injin niƙa har yanzu ba su da zaɓi sai dizal.

Wannan ma'aunin bai tsaya a kasuwa ba. A zaɓen gwamna, wanda hukumar zaɓe ta ƙasa ke gudanarwa, mutanen Gombe sun sauya jam'iyya mai mulki a 2003 da 2019. Mutanen Bauchi sun yi haka a 2007 da 2015 da 2019, na ƙarshen ma gwamna mai ci suka kayar. Amma a zaɓen ƙananan hukumomi na 2024, wanda hukumomin jiha suka shirya, APC ta lashe kujeru 11 cikin 11 a Gombe, PDP ta lashe 20 cikin 20 a Bauchi. Jam'iyyu biyu ne masu hamayya da juna, sakamako iri ɗaya, masu zaɓe kuma su ne dai waɗancan. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya naɗa alƙalin wasa.

Kwangilar gwamnati ma haka. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da irinta da jihohi suka yi, ta ce a yi talla a bar kamfanoni su yi takara. Hanyoyin kauce mata sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da aikin. Mutum ɗaya ya shigar da kamfanoni uku, biyu su sa kuɗi sama da gangan don na ukun ya zama mafi araha. Ko a daddatsa aiki ɗaya gida huɗu don kowane yanki ya faɗi ƙasa da adadin da ke wajabta talla. Ko a rubuta sharuɗɗan da kamfani ɗaya tak ya cika, ko a buga sanarwa a kurarren lokaci bayan an riga an tsegunta wa wanda ake so. Gano irin wannan ba ya buƙatar boka. Takardun kamfanonin uku kan zo da adireshi ɗaya ko lambar waya ɗaya, kuskuren rubutu iri ɗaya a shafi ɗaya, takardun lamuni daga reshen banki ɗaya da lambobi a jere. Tun 2023 hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni, wadda kowa zai iya dubawa a intanet. Abin da ya rage shi ne ma'aikatu su riƙa wallafa sunayen duk waɗanda suka nemi aiki da kuɗin da kowannensu ya sa, ba sunan wanda ya ci kaɗai ba. Da wannan jerin a hannu, ɗan jarida ɗaya da waya zai iya tantance kwangilolin ma'aikata guda a yini ɗaya.